Tokar Mushe Kalibu

Gwangwanin tokar ne ya fara faɗuwa, sannan Mushe Kalibu ya bi shi. Ina zaune gindin bedi a bakin filin balo, ina ba masu sai da rake labarin ranar da na kama fenariti uku, sai na hango maƙwabcina ya durƙusa, layin da yake ja ya tsaya bai kai kwana ba. Shekaruna saba'in da huɗu, amma ku tambayi duk wanda ke wurin, ni na riga kowa isa.

"Bagobiri, tashi," na ce mishi. "Barci ka zo yi nan?"

"Sha'ibu, kwashe tokar ga kada iska ta ɗauke. Da safe Na'omi ta tankaɗe ta."

"Kana mutuwa kana zancen toka?"

"Ban mutu ba tukuna. Kuma kada ka taɓa min layi, hannunka bai san miƙaƙƙen abu ba."

Muka ɗora shi bisa babur ɗin kabu-kabu, ni a baya ina riƙe da shi, har asibiti. Kwana huɗu ya yi. Likita ya ja matarsa Na'omi gefe ya ce zuciya ce ta kumbura, a kai shi gida a ba shi abin da ransa ke so. Duk wanda ya daɗe a duniya ya san abin da wannan magana take nufi.

Ni kuwa na daɗe. Na ga shekarar babbar yunwa, na ci dusa na tashi. Mota ta kife da mu a hanyar Jibiya, buhun gero goma bisa bayana, na fito ina tambayar hulata. Amai da gudawa ya kwashe rabin layinmu a Sabon Gari, ya zo ƙofata ya duba ya wuce. Ban taɓa zama bencin lakkol ba, makarantar boko ke nan, amma babu mai takarda a Maraɗi da zai gaya min abin da ban sani ba game da balo, don ni ne golan farko na Guguwar Sabon Gari, tun lokacin da muke tsare gida ba takalmi ba safa.

Guguwa ita ce ekip ɗinmu, wato ƙungiyarmu. Suna ne mai tsoratarwa, sai dai ƴan sauran unguwanni cewa suke guguwarmu ko leda ba ta ɗagawa. Ekip goma sha biyu ke gasar jiha, biyun farko ke zuwa wasan neman hawa diviziyo, babbar gasar ƙasa. Mu kuwa shekara tara muna ta bakwai. Wata shekara mun yi ta shida, aka yanka rago. Ni na ce alƙalan wasa ne ke cin mu, kuma akwai abin da aka binne mana gindin raga. Shugaban ekip, Alhaji Maman Lawali mai sai da hatsi, ya ce mai cin ƙwallo muka rasa. Ya ɗauko wani dogo daga ƙetaren iyaka, ya ci tuwonmu wata biyar, ƙwallo ɗaya ya jefa, ita ma da gwiwa.

Mushe Kalibu shi ba koci ba ne, ba ya cikin kwamiti. Tsohon malamin lakkol ne, shi ya sa ake ce mishi Mushe, ɗan Tsibiri, Kirista, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara talatin. Da ya yi ritaya sai ya ɗauki aikin da kowa ke gudu, wato ja layin fili. Ba mu da farar ƙasa, da tokar murhun Na'omi yake ja. Mutumin da ke sunkuye yana zuba toka, ashe shi ke ganin wanda ya zo atisaye da wanda bai zo ba.

Tun bara ya faɗi magana a gaban kwamiti. Ya ce duk shekara muna ta uku ko ta huɗu har ruwan fari ya sauka, daga nan sai mu gangaro. Ya ce biyar daga cikin sha ɗayanmu ƴaƴan manoma ne, uku a Tsibiri, biyu a Jiratawa, kuma wasannin ƙarshe kullum cikin noman farko suke faɗawa. Ya ce ekip ta riƙa yin gayya, a nome gonakin tare a gama da wuri. Aka yi dariya. Ba zan ɓoye muku ba, tawa ta fi ta kowa ƙara.

Bana ma haka ta faru. Muna ta uku ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta taso, yara biyar suka ɓace. Wasan da Kalibu ya faɗi yana ja wa layi, an ci mu ɗaya da nema. Muka koma ta huɗu, maki biyu tsakaninmu da ta biyu, saura wasa uku.

Ranar da aka dawo da shi gida na same shi kwance a zaure, ƙafafu sun kumbura kamar turmi. Kocinmu Abdulmutallib, yaro ne mai kirki amma haihuwar birni, yana tsugune gefen tabarma kansa a ƙasa.

"Mi ya faru?" na tambaya.

"Kunna mishi ya ji," in ji Kalibu.

Ashe da koci ya je duba shi asibiti, Kalibu ya sake tada zancen gayya, koci ya yarda. Sai ya ɗauki waya ya aika saƙon murya ga ƴan wasa, wai su gaya wa iyayensu ekip za ta zo ta taimaka ta nome musu gona kyauta. Amsa ɗaya ta dawo, daga Tasalla ta Jiratawa, uwar kyaftin ɗinmu Muhammad Auwal, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona. Koci ya danna wayar.

"A gaya wa mai balo, ni Tasalla ban fita bara ba. Shekara goma sha ɗaya ina cika rumbu ba namiji a gidan nan. Wanda ke neman wurin sadaka ya tahi ƙofar masallaci. Ɗana kuwa ba shi taka balo ciyawa na cin hatsina."

Wannan murya ta zaga Sabon Gari kafin la'asar, ta kai Tsibiri. Sauran gidaje huɗun suka ce ai su ma ba mabarata ba ne.

"Amma Mushe, taimako na nufa," in ji koci.

"Na sani, ɗana. Laifina ne da ban yi maka bayani ba. Gayya ba a kai wa mutum ita. Mai gona ke kira. Shi ke dama fura, shi ke tuƙa tuwo, gobe kuma ɗansa ya ɗauki hauya ya tahi gonar wani. Wanda aka nome wa gona bai ciyar da kowa ba, sadaka aka yi mishi." Ya tsaya ya maida numfashi, ya juyo da ido wurina. "Sha'ibu, kai za ka tahi. Tsoho ake aikawa, da goro. In Tasalla ta kira, sauran za su kira."

"Ni? Ni da na fi kowa yi maka dariya?"

"Shi ya sa. Kuma don Allah, kada ka ba ta labarin fenariti."

"Uku na kama."

"Bana ukun ne. Bara biyu ne."

Na'omi ta shigo da kunu, ta ce, "Malam Sha'ibu, ka taimaka ka tahi. Tun da muka dawo bai tambayi maganinsa ba, jerin ekip yake tambaya. Cewa yake so yake ya ji Guguwa ta yi ta biyu da kunnensa."

Da hantsi na sai goro na hau kabu-kabu sai Jiratawa. Muka wuce lambunan zogale muka fita jigawa. Gonar Tasalla babba ce, geron bai fi taƙi ɗaya ba, ciyawa ta sha kansa. Daga ita sai ɗanta, sun nome wani ɗan yanki kamar shimfiɗar tabarma a tsakar kasuwa. Muhammad Auwal ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma kan hauyarsa bai ƙara ɗaga kai ba.

Na yi sallama, na miƙa goro, na gyara murya. Na ce mata ni ne Sha'ibu golan farko, wanda mota ta kife da shi bai karye ba. Ban san yadda aka yi ba sai na ji bakina ya shiga fenariti.

"Malam," ta katse ni, "duk wannan kamun da ka yi, akwai ciyawa a ciki?"

Na haɗiye sauran labarin. Rana na dukan ƙeyata. Ni fa ko a shekarar yunwa ban miƙa wa kowa hannu ba, wannan kowa ya sani. Amma na tuna ƙafafun maƙwabcina, sai na cire hula na tsuguna a kunyar gero.

"Tasalla, yaron da ya aiko miki magana bai san gona ba, ki yafe mishi. Ba taimakonki muka zo yi ba, mu ke cikin buƙata. Ina da maƙwabci shina kwance, likita ya sallame shi. Shekara tara yana zuba toka a filin da ɗanki ke wasa, bai taɓa ganin an wuce ta shida ba. In babu Auwalu a baya, ragarmu ƙofar kasuwa ce. Roƙonki nake, ki kira gayya, ki kira mu."

Ta dogara da hauya ta dube ni.

"Wannan Mushen ne mai farin gashi, da ke ba su ruwa in sun faɗi?"

"Shi ne."

Ta ɓare goro ɗaya ta ciza. "Jibi Alhamis, in an sallame asuba. Mutum nawa?"

"Ashirin da biyu, da koci."

"Da kai, ashirin da huɗu. Kai ma hauya za ka riƙe. Zan kira makaɗi. Kuma ka gaya musu, wanda ya sare min gero ba shi shan furata."

Ranar Alhamis Alhaji Maman Lawali ya ba da motar hatsinsa, yana ƙunƙuni wai ya tara ƴan balo sun zama leburori. Aka jera yara kafaɗa da kafaɗa daga wannan iyaka zuwa waccan, kowa da kunyarsa, makaɗi a baya da gangar noma. Abin da na gani ranar, da Kalibu na nan da dariya ta ƙarasa shi. Rabin ƴan birnin nan ba su san gero da ciyawa ba. Nabil, mai gudun gefe da ya shafa wa gashinsa ja, ya sare gindi huɗu a jere, ya bar ciyawa tsaye tana kallonsa.

"Kai mai jan kai!" Tasalla ta daka tsawa daga gindin gawo. "Uwarka da ciyawa take maka tuwo?"

"Inna, wallahi duk kore ne!"

Ni na gyara abin. Na sa kowane ɗan birni tsakanin manoma biyu, na nuna musu yadda gero ke fitowa dunƙule a rami ɗaya, taki bayan taki. Daga nan aiki ya miƙe. A gayya ba a so wani ya yi gaba wani ya yi baya, wanda ya noƙe makaɗi zai kama sunansa har da na kakarsa. Muhammad Auwal, da a fili ba ka jin muryarsa, sai ga shi yana ihu: "Layi! Nabil, matso! Na dama, jira ɗan'uwanka!" Suka riƙa tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Na ga koci ya tsaya, tafin hannunsa duk ya yi ruwa, yana kallon layin nan baki buɗe.

Wasu za su ce muku na faɗi gindin gawo kafin rana ta take. Ƙarya ne, zama na yi in duba aiki daga nesa.

Kafin azahar gonar ta yi fes. Tasalla ta sauke tuwo da miyar kuka, ta dama fura ƙwarya uku. Nabil ya rakuɓe gefe ya san laifinsa. Ta bar shi har kowa ya sha, sannan ta miƙa mishi ludayi ta ce, "Karɓi, gindi huɗu ne, na ƙirga. In ka jefa ƙwallo na yafe."

Kafin mu hau mota, gida na biyu a Jiratawa ya aiko. Washegari Tsibiri ta kira. Cikin kwana takwas an nome gona biyar, safiya gona, la'asar atisaye, kuma karo na farko cikin shekara tara ana tsakar damina mutum ashirin da biyu suka cika fili.

Wasan farko a waje muka yi shi, muka ci biyu da nema. Nabil ya jefa ɗaya, ya ruga bakin fili yana yi kamar mai noma. Na biyu ma a waje, muka ci ɗaya. Sau bakwai abokan wasa suka faɗa satar gida, don bayanmu tare suke matsowa in kyaftin ya ce layi. Waɗanda ke gabanmu suka yi tuntuɓe. Da na dawo ban shiga gidana ba, zauren Kalibu na faɗa da ƙurar hanya.

"Bagobiri, buɗe kunnenka. Ta biyu!"

Ya rufe ido. "Sake faɗi."

"Ta biyu, da maki ɗaya bisa ta uku. Lahadi su za mu karɓa a gida. Ko canjaras aka yi mun wuce."

"Na gode wa Ubangiji," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "To wa ya yi dariya bara?"

"Ai ni dama na san dabarar za ta yi, gwada ka nake."

Na'omi da ke bakin ƙofa ta yi dariya har ta share ido da gefen zane.

Ranar Alhamis da hantsi ta leƙo ta katanga ta ce in zo. An fito da shi inuwar tsakar gida, numfashinsa na fita guntu-guntu. Fasto ya zo ya yi addu'a ya tafi. Gwangwanin toka na jingine da bango, da dunƙulen igiya da turaku huɗu.

"Sha'ibu, lahadi kai za ka ja layi."

"Ka ce hannuna bai san miƙaƙƙen abu ba."

"Bai sani ba. Shi ya sa za ka kafa turaku ka ɗaura igiya, ka bi igiya, kada ka bi idonka. Kuma in an hau, kada ka bari Alhaji ya kori ƴan gona ya sayo baƙi. Baɗi tun shuka za a fara gayya."

"Na ji."

"To ba ni labarin fenaritin nan."

Na gyara zama. Na fara daga yadda aka cika fili, har bisa itace mutane. Na kai wurin da mai bugu ya ajiye ƙwallo. Na dubi fuskarsa, sai na kasa.

"Kalibu, ɗaya ne. Shi ma ban kama ba, a fuska ya same ni, na suma."

Leɓensa ya motsa. "Na sani. Ina bisa itacen."

Shekara talatin yana sauraren labarin nan bai taɓa tona ni gaban mutane ba. Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga hannun da Na'omi ke riƙe da shi ya saki. Wata mai tallan awara na wucewa a waje tana kira. Na'omi ta shafa mishi ido, ta ce a hankali, "Ya huta, Malam."

A Tsibiri aka rufe shi ranar Juma'a da safe. Ƴan Guguwa ne suka haƙa kabarin, masu aikin majami'a suna tsaye suna mamakin yadda ƴan balo suka iya riƙon dundurusu. Muka tsaya daga baya, hula a hannu, har suka gama waƙoƙinsu.

Lahadi tun da safe na je fili. Na kafa turaku, na ɗaura igiya, na bi ta a sunkuye har bayana ya ƙage. Layi uku sun miƙe sambal. Na huɗun, wajen bedi, na ce ai yanzu na gane, na bar igiya, sai ya karkace. Alƙalin wasa ya zo ya tsaya kansa, ya dube shi, ya dube ni. Koci ya raɗa mishi magana a kunne. Ya gyaɗa kai ya hura usur.

Ban taɓa ganin fili ya cika haka ba. Ƴan Tsibiri sun zo, ƴan Jiratawa sun zo da makaɗinsu, Tasalla na zaune kan kujerar da Alhaji da kansa ya tashi ya ba ta. Mutanen nan sun matsa mana, ba zan rage musu ba. Sun bugi turke sau biyu. Saura kaɗan a tashi suka jefa ƙwallo a raga, rabin fili ya yi tsit, sai ga tuta sama, satar gida. Auwalu ya ce layi, su huɗu suka matso taki ɗaya, suka bar mutumin shi kaɗai a baya. Aka tashi babu ci.

Yara suka ɗauki koci, suka ɗauki kyaftin, wasu suka zo za su ɗauke ni na ce su kiyaye min ƙugu. Wasan neman hawa sai nan da sati uku, karon farko a gidanmu. Ko za mu hau, Allah ne masani. Ni dai na ce za mu hau, kuma ban cika kuskure ba.

Washegari da na dawo daga masallaci na tarar da gwangwanin a ƙofar zaurena. An cika shi da toka, an tankaɗe ta lukui, an rufe bakin da faifai don iska. Igiyar na bisa faifan, a naɗe. Ta bayan katanga ina jin Na'omi tana hura wuta.